Haƙƙin Matashin da Ba Ya Iya Faɗin Damuwarsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin da Ya halicci bayinSa daban-daban, Ya bambanta harsunansu da launukansu da ɗabi'unsu, Ya kuma san abin da kowane ƙirji yake ɗauke da shi, wanda aka furta da wanda aka kasa furtawa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu sauraro, na cikin garin Gaya da ƙauyukanta, da na tsallaken kogi a Malanbil, da na wajen Kamba, da duk inda muryar wannan tasha take kaiwa,  ga shi Allah Ya kawo mu goman ƙarshe na Ramadan na shekarar 1445. A wannan dare za mu ɗan jingine bayanin falalar Lailatul Ƙadri, za mu koma masa gobe in Allah Ya yarda. Yau za mu tsaya a kan wasu bayin Allah da ke cikin gidajenmu, waɗanda sau da yawa idan an fita asham ake ja musu ƙofa a kulle.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta same mu bayan an tashi daga tafsiri. Ba za mu faɗi sunanta ko unguwarsu ba, kuma da izininta muke ba da labarin. Tana da ɗa mai shekara 17. Tun yana ƙarami an ga ya fita daban: ya makara wajen fara magana, ba ya haɗa ido da mutane, idan aka tayar da injin niƙa sai ya toshe kunnuwa, kuma abinci iri ɗaya yake ci. Amma Allah Ya ba shi sanin manyan motoci. Kullum da safe yakan zauna gindin wata itaciya a bakin hanyar gada, yana kallon gingimarin da ke fitowa daga Kwatano. Yana gane mota daga kukan injinta tun ba ta ɓullo ba, ya haddace lambobinsu, direbobi har ɗaga masa hannu suke yi. Wannan ita ce duniyarsa. Da aka rufe iyaka a ƙarshen watan Yulin 2023, gadar ta yi tsit. Yaron ya yi makonni yana zuwa yana kallon hanya babu kowa. Daga baya ya daina fita. Ya rage cin abinci, barci ya gagare shi, ƴan kalmomin da yake faɗa suka ɗauke, ya fara buga kansa da bango. Wasu dangi suka ce ai dama haka yake. Wasu suka ce aljanin ne ya motsa. Aka kai shi inda aka turara masa hayaƙi aka yi masa bulala, aka dawo da shi gida aka ɗaure ƙafarsa a turke.

Sai uwar ta ce mana: “Malam, don Allah ka faɗa mini gaskiya. Ɗana mahaukaci ne, ko aljani ne a jikinsa, ko kuwa ni ce na yi wani zunubi ake kama ni da shi?” Muka ce mata: “Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da muke da hujjar ɗora muku. Ɗanki bawan Allah ne da aka halitta da wani yanayi, yanzu kuma rashin lafiya ta same shi a kan wannan yanayin.” Amsar da muka ba ta ita muke son faɗaɗawa a wannan dare, domin mun san ba gidanta kaɗai ba ne.

Yanayin farko shi ne abin da likitoci suke kira otizim. Wasu a kafofin labarai na Hausa suna ce masa galahanga, ko da yake jama'a suna cusa lalurori iri-iri a ƙarƙashin wannan suna. Otizim ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farko, kuma alamominsa sukan bayyana tun yaro yana ƙarami. Mai shi yana shan wahalar fahimtar abin da mutane suke nufi da ido da fuska da habaici. Yana son komai ya tafi bisa tsarin da ya saba. Yakan ƙwallafa rai a kan abu guda ya san shi ciki da waje. Ƙara ko haske ko wari ko taɓawar da mu ba mu damu da ita ba, shi tana iya zame masa azaba. Kuma ba su zama ɗaya ba: akwai wanda ba ya magana ko kaɗan, yana buƙatar mai kula da shi tsawon rayuwarsa, akwai kuma wanda zai haddace Alƙur'ani, ya yi karatun boko mai zurfi, ya yi aure ya riƙe gida. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ne ya bayyana siffofinsa a rubuce a shekarar 1943, bayan ya nazarci yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ku haɗa almajiran makarantun allo biyu ko uku na unguwarku, za ku ga maganar ba ta nesa ba ce. A wannan makon ne ma, ranar 2 ga Afrilu, ake tunawa da masu wannan yanayi a duniya, bisa shawarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a 2007.

Masu bincike sun tabbatar cewa gado yana da babban kaso cikin sababinsa. Sun kuma bincika allurar rigakafi sau da yawa, ba su sami hannunta a ciki ba. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma alamar fushin Allah a kan gida ba ce. Mu da muke zaune a bakin kogi mun san maganar ɗan ruwa, cewa wai an musanya jariri da ɗan aljanu. Ya ƴan'uwa, mu ji tsoron Allah. Ɗan da aka haifa a shimfiɗar aure ɗan ubansa ne, shari'a ta ba shi nasaba da suna da ciyarwa da gado. Duk wanda ya yasar da shi, ko ya bar shi da yunwa don ya huta da shi, to, zai amsa tambaya a kan ran ɗan Adam cikakke.

Abu na biyu kuwa, shi ne ainihin wa'azinmu. Mai otizim yana da zuciya irin ta kowa, tana jin daɗi, tana jin ciwo, tana kuma iya yin rashin lafiya. Ciwon damuwa mai tsanani, da fargabar da ba ta barin mutum ya sarara, da waswasi, suna kama su fiye da yadda suke kama sauran mutane. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2008, ya duba yara 112 masu otizim ƴan shekara 10 zuwa 14, ya tarar 70 cikin 100 nasu suna da aƙalla wata lalura guda ta hankali ko ɗabi'a a kan otizim ɗin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ku ɗauka mutum ya wayi gari kullum a kasuwar da bai san harshenta ba, ana dariya bai san abin da ya sa ba, yara suna bin sa da waƙa, a makaranta ana dukansa kan abin da bai gane ba. Idan ya balaga sai ya ga tsaransa sun sami abokai, sun kama sana'a, ana yi musu maganar aure, shi kuwa yana gefe. Da yawansu suna sane sarai da cewa sun fita daban, kuma wannan sanin yana ci musu rai.

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, ga bawan da fuskarsa ba ta ba da labari yadda muka saba karantawa, bakinsa ma sau da yawa ba ya iya cewa “raina a ɓace yake”. Ciwonsa sai ya fito ta wata ƙofa: ta ƙin abinci, ta rashin barci, ta fushi, ta cizon hannu. Mu kuma sai mu ce ai dama haka yake. Wannan kalma, ya ƴan'uwa, ta rufe ƙofar magani ga bayin Allah masu yawa. Otizim halitta ce da mutum zai rayu da ita, kuma babu wata ƙwaya ko sassaƙe da ke cire shi, duk wanda ya ce muku yana da maganinsa kuɗinku yake so. Amma damuwa da fargaba ciwo ne da ya zo daga baya, ana kuma samun sauƙinsa da izinin Allah. Idan muka cakuɗa biyun, sai mu ɓata dukiya wajen neman kawar da abin da ba ya kawuwa, mu bar abin da ake iya magancewa yana cin yaro.

Kada wani ya ce baƙin ciki raunin imani ne. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ganinsa ya tafi, alhali yana Annabi ɗan Annabi. Malaman tarihi suna kiran shekara ta goma da aiko Manzon Allah shekarar baƙin ciki, saboda rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dama wa gidan da aka yi rashi wani kunu da ake kira talbina, domin ta ji daga Manzon Allah cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana rage wani sashe na baƙin ciki. Ku duba, an nemi sauƙin zuciya ta hanyar kula da jiki. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da gyaran rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi, da wanda yake faɗo wa mutum ba tare da sananniyar hujja ba, wanda ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani. A Alƙahira kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 ya keɓe wa masu lalurar hankali sashensu, ana kula da su daga dukiyar waƙafi. Ashe kai irin wannan marar lafiya wajen likita gadonmu ne tun kaka da kakanni.

To, mene ne ya hau kanmu? Za mu ambaci abubuwa biyar.

Na farko, mu san yaronmu a lokacin da yake lafiya, domin mu gane ranar da ya canja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ya saba kaɗa jiki ko maimaita kalma tun yana ƙarami, wannan ɗabi'arsa ce, sau da yawa ma da ita yake kwantar wa kansa hankali, kada a doke shi a kanta. Abin lura shi ne sabon abu: ya bar abin da ya fi so a duniya, barcinsa ko cinsa ya sauya, ya daina wanka alhali da yana yi, maganarsa ta ragu, kuka ko fushi ya yawaita, ya fara ji wa kansa ciwo. Idan irin wannan ya kai mako biyu, kada a jira. A samu wani a gidan mai iya rubutu, da boko ko da ajami, ya riƙa rubuta ranar da abin ya fara, da abin da ya faru kafin nan. Rasuwa ce? Tashi daga gida ne? An sauya malami ne? Wani ne yake cutar da shi a ɓoye?

Na biyu, a kai shi gidan likita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. A fara da asibitinmu na nan Gaya, a roƙa a duba jikinsa duka, domin wanda ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, haƙori ko kunne ko cushewar ciki ko zazzaɓin sauro na iya sa shi buga kai da bango. A faɗa wa likita idan yana yin farfaɗiya, domin takan haɗu da otizim. Idan abin ya fi ƙarfin nan, akwai babban asibitin jiha a Doso, kimanin kilomita 150 daga nan, akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai, ƴan'uwanmu na wajen Kamba kuma sun san asibitin Kware kusa da Sakkwato. Mun san tafiya kuɗi ce, kuma bana hannu ya yi ƙunci a garin nan. Nan ne zakka da sadakar wannan wata suke da gurbi. Amma muna gargaɗi da babbar murya: kada a sayi ƙwayar barci ko tramol wajen masu tallar magani a tire don a kwantar da yaro. Wannan ƙara wa ciwo ciwo ne.

Na uku, a kwance mari, a ajiye bulala. Addu'a da karanta Alƙur'ani ga marar lafiya sunna ce, mu ma muna yi, muna kuma kira a yi. Amma a yi ta da murya mai taushi, ba tare da taron jama'a ba, kuma a haɗa ta da zuwa asibiti. Ba mu taɓa karantawa ba cewa Manzon Allah ya shaƙa wa marar lafiya hayaƙin barkono, ko ya sa an ɗaure shi a turke kamar dabba. Matashin da ƙara take razana shi, idan aka kafa masa lasifika a kunne aka yi ta tsawa, dole ya yi kururuwa ya faɗi, sai a ce ga aljanin nan ya yi magana, alhali azaba ce ta yi magana. Kun ji abin da ya faru a unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda ƴan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida da ake kai kangararru da marasa lafiya, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Iyayen da suka kai su gyara suke nema. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na huɗu, mu koyi yadda ake magana da shi. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata da ke da wata lalura a hankalinta ta ce wa Manzon Allah tana da buƙata a wurinsa. Bai kore ta ba, bai ce ta faɗa a gaban jama'a ba. Ya kira ta da alkunya, ya bar mata zaɓin hanyar da take so su tsaya, ya saurare ta har ta gama. Ita ta zaɓi wurin, shi kuma ya ba ta lokacinsa. Haka nan ƙanen Anas, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, yaron ya yi baƙin ciki. Shugaban halitta ya lura da sauyin fuskar yaro ƙarami, ya tambayi dalili, ya shiga masa ta wajen abin da ya fi so. Wannan shi ne tafarki. A zauna gefensa, kada a tilasta masa haɗa ido. A yi masa tambaya ɗaya gajera, a jira amsa ko da ta daɗe. A bar habaici da gatse, domin yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. Idan zai fi iya nunawa da hannu ko zane ko rubutu a waya, a karɓa. Idan kuma abin ya taso masa yana kururuwa, a sallami ƴan kallo, a kashe rediyo, a rage magana, a tsare shi daga rauni har guguwar ta wuce. Ba rashin kunya yake yi ba a wannan lokaci, kayan ne suka fi ƙarfin mai ɗauka.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi. Idan matashi ya ce ya gaji da duniya, ko ya ce mutuwa ta fi masa, kada a ce wasa yake yi, kada kuma a rufe shi da faɗa. Haramcin kashe kai sananne ne, ba mu sassauta shi ba. Amma mai wannan furuci marar lafiya ne yake neman agaji, kuma masu otizim galibi abin da suka faɗa shi suke nufi. A tambaye shi a fili cikin natsuwa, domin tambaya ba ta dasa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwarin gona da sauran abin da zai iya cutar da kansa da shi, a sa ido kan hanyar kogi, a kai shi asibiti a ranar, ba sai bayan Salla ba.

Sai maganar azumi, domin tambayoyi sun yawaita a kanta. Mai otizim da ya balaga, ya san ma'anar azumi, yana kuma iya ɗaukarsa, azumi ya hau kansa kamar kowa, kada a raina shi a hana shi lada. Wanda bai kai ga fahimtar umarni da hani ba, ba a tilasta masa, kuma babu zunubi a kan iyayensa don sun ba shi abinci da rana. Wanda yake kan magani, ayoyin azumi na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya rangwame. Kada a tsayar da maganin farfaɗiya ko na damuwa, ko a sauya lokacin shansa, sai da shawarar likita, musamman a wannan zafi na bazara. Maganar ramuwa kuwa, kowane mutum da halinsa, a zo a tambayi malamai. Mu kuma tuna cewa Ramadan yana juya tsarin gida baki ɗaya: lokacin ci ya sauya, lokacin barci ya sauya, masu tashin sahur suna kaɗa gwangwani, yara suna tashe, lasifika tana aiki har tsakar dare. Abin da yake mana daɗi, ga wanda ya dogara da tsari yana iya zama girgiza. A riƙa faɗa masa abin da zai faru kafin ya faru. A bar masa lokacin barcinsa da wurin da zai keɓe. Ranar Salla idan sabuwar shadda tana sukar jikinsa, a bar shi ya sa wankakkiya, a tsaya da shi a gefen filin idi inda babu cunkoso.

Ya ku limamai da ladanai da dattawan sahun gaba, mu ma akwai namu. Manzon Allah yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Da baƙauye ya yi fitsari a masallacinsa, sahabbai suka taso masa, sai ya hana su, ya sa aka zuba ruwa, sannan ya karantar da mutumin a hankali. To, mene ne hujjarmu ta korar matashi don yana gunguni ko yana kaɗa jiki a sahu? A ba shi wuri sananne a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. A ba shi aikin da zai riƙe kullum, ko shimfiɗa tabarmi, ko cika butoci, ko jera Alƙur'anai, za ku ga amanar da ba ku zata ba. A sassauta lasifikar waje cikin dare saboda marasa lafiyar unguwa. A kuma tsawata wa yara masu tsokana, da manya masu ɗaukar hotonsa a waya suna yaɗawa don dariya. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi, ba ta kuma ware kowa ba.

Kada mu manta da ƴan mata. An fi gane otizim a wajen maza, domin ƴa mace takan ɓoye nata cikin shiru da kwaikwayon ƙawaye, sai a ce kunya ce da ita, alhali fargaba tana cin ta. A tsare su daga masu amfani da rauninsu, kada a aike su talla su kaɗai. Kuma aure ba maganin damuwa ba ne. Wadda za a aurar, a nemi yardarta da gaske, a kuma faɗa wa mijin gaskiyar halinta.

Ku kuma iyaye, musamman mata, Allah Yana ganin dararen da ba ku runtsa ba. Gajiyarku ba rashin haƙuri ba ce, kuma idan ku ma damuwa ta kama ku, ku nemi magani. Ya kai maigida, kada ka saki mace don ta haifa maka irin wannan ɗa, kada ka bar mata shi ita kaɗai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dangi su tsare masa rabonsa na gado. Maƙwabta kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ki karɓi yaron na awa biyu uwarsa ta je asham ko ta yi barci, wannan ibada ce a goman ƙarshe.

Wancan matashi da muka fara da labarinsa, an kwance masa ƙafa a daren da uwarsa ta zo. An kai shi asibiti, aka tarar da ruɓaɓɓen haƙori da ya daɗe yana cin sa, likita kuma ya ga alamun ciwon damuwa ya ɗora shi a kan magani. Wani makanike maƙwabcinsu ya ce a riƙa kawo masa shi gareji da safe, yana ware masa notuna da kusoshi kowane da gwangwaninsa. Bai warke sarai ba, har yanzu akwai dararen da ba ya barci. Amma ya koma cin abinci, kuma shekaranjiya uwarsa ta aiko mana cewa ya ji kukan wata mota daga nesa ya faɗi sunanta.

Ya Allah, don falalar waɗannan darare, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na jiki da na zuciya. Ka yaye damuwar masu damuwa, Ka amintar da masu fargaba. Ka ƙarfafi iyayen da Ka ba wa wannan amana, Ka sanya ta zama sanadin shigarsu Aljanna. Ka yafe mana abin da muka yi wa waɗannan bayi naKa cikin jahilci, na duka da ɗauri da dariya. Ka buɗa wa garinmu hanyoyin arziki, Ka zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ka sa mu dace da Lailatul Ƙadri.

A nan za mu dakata. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa namu ne, muna neman gafararSa. Sai gobe war haka idan Allah Ya kai mu.